Man Zurma a Birkin Motar Lokotoro

Maigidana ya dawo daga soja bayan yaƙin Nasara ya ƙare. Jikinsa lafiya lau, ba rauni ba ɗingishi, sai dai surutunsa ne bai dawo da shi ba. Kafin a ɗauke shi, mutum ne da in ya zauna hira a tabarma sai an tashe shi kafin a samu a share wurin. Da ya dawo kuwa, in ka ce masa sannu ya ce yawwa, shi ke nan. A can ya koyi tuƙi da gyaran mota, don haka aka ba shi aikin kula da babbar motar kumandan, Nasaran da ke mulki a Madawa. Muka baro Tama muka kama gida a bakin gari, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

A kakar wannan shekara aka kawo sabon lokotoro, wato likitan Nasara. Ya zo da wata ƴar mota ja, gajera ƙwarai, ba rufi, kujera biyu kacal, gabanta dogo. In ta wuce ba ka ganin komai sai hularsa. Ba motar hanyoyinmu ba ce, amma yana son ta kamar me, da ita yake zuwa ƙauyuka yin allura. Wata rana yana saukowa gangaren Buza ya taka birki, birkin ya nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Allah ya taimake shi da rairayin ƙorama a gindin gangaren, nan ta cije. Shanu ne suka jawo ta har ƙofar gidanmu. Maigidana ya sa aka cire danga gefe guda, aka turo ta tsakar gida kusa da rumbu.

Ya haƙa ɗan rami ya tura motar a kai, don ba a iya shiga ƙarƙashinta. Ya gano wani siririn bututu ya tsage, man birkin ya tsiyaye, abin da ya saura kuma ya yi baƙi kamar ruwan rini. Bututun bai ba shi wuya ba, ya kai wa maƙeri aka liƙe. Man ne babu. A lokacin komai na mota ya yi wuya, sai an aika Kano, kuma ba wanda ya san yaushe zai iso.

Da safe ina daka sai na ga ya tsaya kaina. Na ɗauka ruwa yake so.

Ya ce, "Ke ƴar Tama, har yanzu kina iya man zurma?"

Na ce, "Mi zai hana? Wa za a ba, ciki ne ya ɗaure?"

"Mota za a ba."

Na ajiye taɓarya na dube shi, na ga da gaske yake. Ya ce a soja in man birki ya yanke musu haka suke yi, a gauraya man zurma da alkol, ruwan nan mai sanyi da ake wanke ciwo da shi a asibiti. Ya riga ya gaya wa lokotoro, shi kuma ya ce ya san da haka, zai aiko da kwalba.

Mahaifiyata tana da zurma a bakin garkarta a kwarin Tama, wurinta na koya. Na samo ƴaƴan a kasuwa, na soya sama-sama, na daka har suka yi laushi, na dafa cikin ruwa ina kwashe man da ke tasowa da ludayi. Na kai masa. Ya ɗaga ƙwaryar ya duba a rana, ya ce a sake tacewa, ko ƙwayar tsaki ɗaya ba a so. Na tace da farin ƙyalle, ya sake dawo da shi, na sake tacewa, har ya zama garau. Inna tana gefe tana kaɗi, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa ƙarfe maganin ciki ba.

Ya haɗa man da alkol ɗin da lokotoro ya aiko, ya wanke tsohon, ya cika ɗan gwangwanin da ke ƙarƙashin murfin gaba. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Wanda ke taya shi aiki ya tafi Bangi yankan gero, aikin kuma na mutum biyu ne. Ya yi mini bayani, kuma rabon da in ji ya jera magana haka tun kafin tafiyarsa. Ya ce iska ta shiga bututan, muddin tana ciki birki ba zai kama ba. Mutum ɗaya zai zauna yana taka birki, ɗaya yana ƙasa yana buɗe wani ɗan noti a bayan kowace ƙafar motar, mai ya fito da iskar.

Na ce, "To wa zai taka?"

Ya dube ni kawai.

Ban taɓa shiga mota ba. Na gyara ɗaurin zane na zauna, na ji kamar a ƙasa nake zaune, kujerar tana warin fata da taba. Ƙafata ba ta kai ƙarafan takawa ba, sai da aka sa mini matashi a baya. Ƙarfen ya sha rana, ya ƙona mini tafin ƙafa, ya naɗa masa tsumma. Ya nuna mini na tsakiya, ya ce kada in taɓa sauran.

"In na ce taka, ki yi ta takawa a hankali. In na ce riƙe, ki danne, ko da ya gudu ƙasa ki bi shi. Kada ki ɗaga sai na ce saki."

Ya shiga ramin. Ya fara da ƙafar baya, wadda ta fi nisa da ni. Ya sa ɗan tiyo a notin, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Kwalbar ta ƙi zama a kan rairayi, sai Inna ta ajiye mazarinta, ta jawo kujera ƴar tsugune ta riƙe masa.

Da farko birkin ba nauyi ko kaɗan, kamar ana taka auduga. Ya ce riƙe, na riƙe, sai na ji ya sulale ƙarƙashin ƙafata har ƙasa. Inna ta yi salati.

"Ga su nan! Kumfa, manya-manya, kamar ana shan fura da tsinke!"

Haka muka yi ta yi. Taka, riƙe, saki. In an jima ya fito ya ƙara mai a gwangwani ya koma. Inna ta ɗauki aikin da muhimmanci, ita ke sanar da mu ko kumfan sun ragu. Da ta ce sun ƙare, ya ɗaure notin muka koma wata ƙafar.

A ƙafa ta biyu ne, ina danne da birki, na ji muryarsa daga ƙarƙashin motar. Ba na ganinsa, ƙafafunsa kawai nake hange.

Ya ce, "Wani ɗan Tamaske ne ke taka mini a can. Saki."

Na saki. Na kasa kunne.

"Dogo ne, gwiwarsa har tana bugun sitiyari. Shina takawa shina waƙar noma, Nasaran nan suna dariya. Taka."

Na taka. Ya ci gaba, yana yi yana katsewa da umarni. Ya ce tare suka shiga jirgin ruwa, tare suka yi amai, bargo ɗaya suke rufa lokacin sanyi. Sanyin ne ya kama wa abokin ƙirji, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Shi ya yi masa wanka, shi da wani Bazabarme. Ya ce tun da ya dawo yake son zuwa Tamaske gaida iyayen abokin, in ya ɗaura niyya sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi.

Inna ba ta ɗaga ido daga kwalbar ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan shi. In an gama kaka sai ka tahi, in ba ka gero ka kai musu. Ga wani ɗan kumfa nan, bai ƙare ba."

Ya ce to. Ya kuwa je daga baya, da damin gero a kan jaki, ya kwana can.

Da muka zo ƙafafun gaba birkin ya soma yi mini gardama. A ta ƙarshe na taka na ji ya tsaya a sama, da ƙarfi, kamar na taka dutse. Na ce masa ya ƙi tafiya, ko na ɓata wani abu ne. Ya fito daga ramin, gashinsa duk ƙasa, ya zura hannu ya danna da kansa. Ya ce haka ake so.

Bayan la'asar ya ce sai an gwada kafin a mayar. Ya yi wa Inna tayi, ta ce ita aikinta ya ƙare a kwalba. Ni na shiga. Muka bi hanyar Buza a hankali, tsakanin gonakin da aka yanke, har wani ɗan tudu, ya juya. A gangaren ya sake ta. Iska ta cika mini baki, na riƙe ƙofa da hannu biyu, kallabina ya tashi. Daidai rijiya ya taka birki, motar ta tsaya cak, na dungura gaba. Matan da ke ɗibar ruwa suka saki guga suna kallonmu. Ya dube ni, kai ba kallabi, ido waje, ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari.

Na sauka na koma da ƙafa na ciro kallabin a jikin ƙaya. Wata tsohuwa a bakin rijiyar ta tambaye ni ko da daɗi. Na ce mata ban sani ba tukuna, bari cikina ya sauko. Muka dawo gida a hankali, muka tarar Inna ta riga ta ɗora tukunyar tuwo.