Mutumin da Ya Hana Ƙarfe Tsatsa

Evald Hallberg ba ya iya wuce ƙarfe bai shafa shi da hannun riga ba. Na san shi fiye da yadda na san wasu 'yan'uwana, domin ni nake da jirgin da ke kai wa masu gadin fitilar teku ta Ulvskar kananzir da dankali da wasiƙu, kuma na fara wannan jigila tun ina da gashi a ka. Tsibirin dutse ne tsirara, hasumiya ɗaya da gidaje biyu. Evald ne babba, shi da matarsa Gunhild. Mataimakinsa Birger yana ɗaya gidan da mata da 'ya'ya huɗu.

A can aka haifi Evald, ubansa ma aikin da ya yi ke nan. Kuma dokar masu gadin fitila ba ta da wuyar haddacewa: duk wani ƙarfe na gwamnati da ke tsibirin sai ya yi ƙyalli. Sauran ma'aikata suna gogewa ne don tsoron sufeto. Shi Evald ciwo ne, ba ya jin magani. Har sarƙar ƙugiyar da ke tsayar da jirgina ya taɓa kamawa yana kankara, ina tsaye ina jiran kofi.

"Sixten, wannan jirgi ne ko kejin kaji?" in ji shi.

"Dattijo, kifi ba ya duba ƙyalli."

"Shi ya sa kai da kifi kuke wari ɗaya."

Wajen 1967 aka fara raɗe-raɗin cewa za a sallami masu gadi. An ƙirƙiro wani gwangwanin ƙarfe, bai fi kwalbar madara girma ba, da ake ɗura masa sinadarin nukiliya. Abin yana fitar da zafi da kansa shekara da shekaru, zafin ya ba da lantarki, fitila ta yi ta ci babu mai hura ta. Sai dai guba ce. Kafin hukuma ta ba da lasisi dole a tabbatar cewa in gwangwanin ya faɗa teku, ruwan gishiri ba zai huda shi ya zubo abin da ke ciki ba.

Ni na kawo injiniyan da zai yi gwajin, wani Lindahl, saurayi mai ladabi da ya yi ta amai tun daga bakin gaɓa. Ya zo da gwangwanaye a cikin kejin waya, babu komai a cikinsu, ƙarfen kawai ake son gwadawa. Aka ɗaura kejin da sarƙa a bayan tsibirin, aka sake shi cikin ruwa. Ya ce da Evald ya riƙa jawo shi wata-wata ya duba sarƙar, ya mayar. Shekara uku za su yi a ciki. Bai ce kada a wanke ba. Ina zai kawo a ransa cewa akwai mai wanke abin da za a sake jefawa cikin teku?

Kowa a gidajen nan biyu ya gane lissafin. In ƙarfe ya yi tsatsa, babu lasisi, suna nan a gidajensu. In bai yi ba, su tattara. Gunhild, wadda ba ta taɓa roƙon Allah abin banza ba, ta koma roƙon tsatsa. Duk zuwana sai ta tare ni da kifin gishiri da busasshen burodi tana tambaya.

"Sixten, kai da ka san ruwa, akwai ƙarfen da teku ba ta ci?"

"Babu, Gunhild. Ki dubi jirgina."

Evald kuwa raina abin ya yi. Ya ce gwangwani ba ya goge gilashi, ba ya jin kukan jirgin da ya ɓata cikin hazo, don haka ko ya ruɓe ko ya zama zinariya, mutum za a nema. Shi kaɗai yake sauka bayan tsibirin, ba ya barin Birger ya taɓa sarƙar, wai aikin babba ne.

Da wa'adi ya cika na sake ɗauko Lindahl. Duk mutanen tsibirin suka jeru a kan dutse, har da ƙaramar 'yar Birger a hannun uwarta. Aka jawo keji. Waya ta yi baƙi, gansakuka ta lulluɓe ta. Amma gwangwanayen da ke ciki sai ka rantse yanzu aka fito da su daga shago. Na ji Gunhild ta ja numfashi a bayana.

Lindahl ya ɗauki ɗaya, ya karce shi da farce, ya kai hanci. Kitsen tumaki ne. Ya dubi Evald.

"Duk wata nake wanke su da ruwan sha, in goge, in shafe su," in ji Evald, ƙirji a buɗe. "Kayan gwamnati ba ya lalacewa a hannuna."

Lindahl bai yi faɗa ba. Ya ce to, ya naɗe su a tsumma, ya sa a akwati. Birger ne ya yi magana, a hankali, ko kallon Evald bai yi ba.

"Maigida, 'ya'yana huɗu. Ka goge mu daga tsibirin nan."

Lasisi ya fito kafin shekara ta zagayo. Ni na kwaso mutanen tsibirin, da gado da agogo da tukwane, sahu bayan sahu, kuma ban taɓa yin jigilar da na tsana kamar wannan ba. Aka ba Evald da Gunhild ɗaki biyu a bene, bayan masana'antar kifi, tagarsu tana kallon bango. Birger ya shiga masana'antar yana fiɗar kifi. In ya hango Evald a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen.

Garinmu ƙarami ne, kuma ba ma mantuwa, musamman abin dariya. A shagon kofi aka laƙaba masa Mai Kitse. Wani zai miƙo masa cokali ya ce, "Baba, a ɗan shafa mana." Ni ma na yi dariyar sau ɗaya ko biyu, abin da ban dariya. Amma Gunhild ba ta yi ba. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma yi yaji ba. Tana dafa masa dankalinsa, ta ajiye, ta koma gefe da saƙarta. In ya yi magana sai ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da ƙirga zare.

Wata safiya ya zo mini cikin kayan aikinsa na da, maɓallai suna walƙiya. Ya ce in raka shi Stockholm, bai taɓa shiga jirgin ƙasa shi kaɗai ba. Ya yi tunani ya samo mafita. Zai je ofishin masu lasisi ya faɗa da bakinsa cewa ya ɓata gwajin. In gwaji ya ɓaci, lasisi ya ɓaci. Dole a sake, dole a mayar da mutane tsibirin har a gama.

"Za su iya hukunta ka fa," na ce.

"Su hukunta. A dai mayar da Birger. A mayar da Gunhild."

Mutumin da bai taɓa amsa kuskurensa ba ko a coci, shi ne ya yi ta maimaita jawabinsa a cikin jirgi, leɓɓansa suna motsi. Burodin da Gunhild ta ƙunsa mana ko buɗe shi bai yi ba.

Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, har muka faɗa ofishin Lindahl. Ya yi ƙiba, ya sami tebur babba. Ya gane mu, ya tashi da fara'a, ya sa aka kawo kofi da biskit. Evald ya ƙi zama. A tsaye ya faɗi komai, hula a hannu, da ruwan sha da tsumma da kitse, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce shi ya cuci gwamnati, a rubuta.

Lindahl ya saurara har ƙarshe. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da tausayi ya amsa.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Ba ka ɓata mana komai ba. Gwajin gaskiya a ɗakin bincike aka yi shi, da wasu tashoshi biyu. Na Ulvskar ƙari ne kawai, ko cikin takardun ban sa shi ba. Maganar rufe tsibirin kuwa an yanke ta tun kafin in fara zuwa wurinku. Da ba a sami lasisin ba, da fitila mai aiki da iskar gas za a sa, ita ma ba ta buƙatar mai gadi."

"Ko da sun yi tsatsa?"

"Ko da sun narke, Baba. Ɗauki biskit mana."

Da a ce ni mai zuciya ne kamar yadda nake cika baki, da na kife masa teburin. Shekara uku mace tana roƙon tsatsa, shi Lindahl ya san babu abin da za ta canja, bai ga dalilin faɗa ba, don ba a tambaye shi ba. Na sha kofina kamar kowane matsoraci.

A jirgin dawowa na yi ta zuba, ina son in faranta masa. Na ce ka ga, an wanke ka. Gobe da sassafe zan shiga shagon kofi in faɗa wa kowa, in je masana'anta in faɗa wa Birger. Da muka fara jin warin teku sai ya juyo gare ni.

"Ba za ka faɗa wa kowa ba."

"Dattijo, ka haukace? Suna cewa kai ka kore su."

"Su ce. In ni na kore su, ashe hannuna yana iya wani abu. Ubana ya mutu a kan matakalar hasumiyar nan, Sixten. Kana so in je in ce da Gunhild duk zaman da muka yi, ko a cikin takarda ba a sa mu ba?"

Gunhild tana tashar jirgi tana jira, da mayafin ulu a kafaɗa. Tun da suka bar tsibirin ban ga ta dube shi ido cikin ido ba sai ran nan.

"Me suka ce?"

Evald ya gyara hularsa.

"Sun ce laifina ne. Amma lasisi ya riga ya fita."

Ta gyaɗa kai, ta juya, ta yi gaba. Ya bi bayanta da ƙunshin burodin a hannu.