Ranar da Muka Kwashe Mata Duwatsu

Na manta sunayen ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka sha bulalata, amma gayyar da muka yi wa wata baƙuwa a Roni ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, kowa na zancen tafiya birni. Ni kuwa sabon malamin firamare ne, ina yawo da biro uku a aljihu ko babu abin rubutawa. A shekarar ne wata matashiya ta iso garinmu daga duwatsun ƙasar Chadi, inda yaƙi ya cinye ƙauyensu. Ba ta wuce shekara ashirin ba. Ta zo da tsohuwarta a kan jaki, da ɗan gora cike da irin dawar garinsu, abin da kaɗai ya tsira daga rumbunsu. Mahaifina ya ba su ɗaki, ya ce ta zaɓi gona. Ta wuce fadama ko kallo ba ta yi ba, ta nuna wani gangaren dutse da ko awaki sai sun yi shawara kafin su hau.

Wata guda tana can tana jera duwatsu layi-layi. Mu a wajenmu dutse a gona abin kwashewa ne, sai muka ɗauka tara su take yi don ta fitar, ƙarfi ne ya gaza mata. Ni na kawo shawarar gayya, har da ɗan jawabi a kan haƙƙin baƙo. Muka bari sai ranar da ta tafi kasuwar Gwiwa, don ta dawo ta ga abin mamaki. Majiya ƙarfi suka fito, ga mai ganga, ga kunu. Kafin la'asar mun mirgino kowane dutse zuwa gindin tsauni, gona ta yi fes kamar allon da aka wanke.

Abin mamaki kuwa ta gan shi. Ta tsaya da ƙwarya a ka, ta dubi gangaren, ta dubi hadarin da ya fara haɗuwa a gabas, sannan ta dube ni ina murmushi ina jiran godiya.

"Malam," ta ce, "waɗanda suka rushe mana na gida da bindiga suka zo. Ku kuma da ganga."

Mahaifina ne ya matsa a hankali ya ce, "'Yata, mene ne aikin duwatsun?" Ta yi bayani da hannu fiye da baki, don Hausarta ba ta nuna ba tukuna. A garinsu duwatsun ne ke tare ƙasa da ruwa, kowane layi da 'yar gonarsa a baya kamar matakala. In babu su, ruwan farko zai tafi da ƙasar da irin gaba ɗaya, goran nan kuwa ba shi da ƙani. Abin haushin, na taɓa koyar da wannan a darasin labarin ƙasa, har da zane a allo. Ban dai taɓa zaton yana faruwa a wajen littafi ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙwarya, ta ci ɗamara, ta ɗauki dutse ɗaya ta fara hawa. Muka tsaya kamar an dasa mu, har sai da mahaifina ya ce in ba mu da kunya ai muna da kafaɗu. Kwana huɗu muna mayar da abin da muka saukar a wuni ɗaya, tana tsaye a kanmu tana gyara. Layina sau uku tana sa ni in rushe, tana cewa hannun Malam na alli ne, tsohuwarta na gindin bishiya tana dariya.

Ruwa ya sauko kafin mu gama layukan ƙasa. Wajen ya zaizaye kamar yadda ta faɗa, amma na sama suka riƙe, a nan ta shuka. Da kaka dawar ta fito ja jawur. Sai da ta cika goranta da iri kafin ta yarda a daka ko tsaba ɗaya. Ta aiko mini da tuwon farko, da saƙon cewa wannan ladan hawa ne, na saukarwa kuwa ta yafe.

Tun daga ranar, in na ga mutum yana aikin da ban gane ba, sai in mayar da biro aljihu, in tambaye shi me yake yi kafin in kira mai ganga.