Farin Dutse a Ƙofar Shagon Taya

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, biyar ga Oktoba, 1993, da hantsi, Yamusa ɗan kawuna ya rasu a Sabon Wuse bayan jinyar wata biyu. Ni ban taɓa shiga aji ba. 'Yarsa Lucia ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Yamusa, ka tafi ka bar ni da gajiya. A tsohon Wuse aka haife mu, tun tana ƙauyen Gbagyi, doya ta ko'ina. Kai ka bi wani Bature kana yi masa kuku har Ingila, ka yi shekara uku a wata unguwa a gefen Libaful, bakin teku. Da ka dawo ba ka bar kunnen kowa ya huta ba. Wai akwai tsohon famfo a tsakiyar unguwar, ya daina ba da ruwa tun zamanin kakanninsu, amma duk shekara sai sun shafa masa fenti. Wai akwai bango kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa, an sassaƙa sunayen mazan da teku ta cinye, matansu na zuwa su tsaya a gabansa tunda babu kabari. Na ce maka aikin marasa gona ne. Ka yi dariya ka ce, "Taubashi, kanka ya fi dutsen Zuma tauri."

Sai aka ce za a ɗauko gwamnati daga Legas a dasa ta a gonakinmu. Masu awo suka zo, kai ne ka riƙe musu igiya. Wannan har yau yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Ranar da motoci suka zo kwashe mu zuwa Sabon Wuse, ni ne na ƙarshe, sai da aka yaye jinkar ɗakina ina zaune a ciki. Na bar matata Hansatu a ƙasa, wata bakwai da binne ta. Shekara shida ban amsa gaisuwarka ba. Duk kaka kuma sai na tarar da doya a ƙofata, ka ɗauko a kafaɗa ka ajiye ka tafi. Na ci, ban gode ba.

A shekara ta bakwai ka tare ni ka ce, "Zo mu je ka gai da Hansatu." Muka shiga mota zuwa Wuse. Ban gane ko'ina ba, kwalta da shaguna da hon. Ka kai ni gindin tsohuwar tsamiyarmu, ita kaɗai suka bari, ka fuskanci gabas ka fara ƙirga taku. Muka tsaya a ƙofar wani shagon taya. A bakin kwalbati ga dutse ɗaya fari fat, alamar kabarinta. Ashe lokacin da kake jan igiyar nan, kaburburanmu kake aunawa kana haddacewa. Ashe duk shekara kana zuwa da gwangwanin fenti. Mai shagon, Alhaji Ɗan'auta, Bakano, ya ce da ni, "Baba, da farko na ɗauka tsohon nan taɓaɓɓe ne. Yanzu ko taya ba na bari a jingina a wurin."

Gida goma sha ɗaya ka nuna wa inda nasu suke. Ni ne kawai ban riƙe lissafin takun nawa ba, don girman kai. Na ce ai ga dutse. Yanzu an ce za a faɗaɗa titin, za a tumɓuke duwatsun bakin kwalbatin duka. Da na zo duba ka kana kwance, ka kama hannuna ka ce, "Tamanin da huɗu. Maimaita." Na maimaita. Gafarar da na zo nema ba ta fito daga bakina ba.

Jiya na je ni kaɗai da fenti. Na ƙirga tamanin da huɗu, sai na gan ni a tsakiyar titi, taksi na zagina. Kai dogo ne, ni na manta. Da ƙafata casa'in da bakwai ne.

Allah Ya yi maka rahama, Ya yafe maka, Ya sa doyar nan da fentin nan su tsaya maka a ranar da babu mai tsaya wa wani. Catherine, matar ɗan'uwana, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da Lucia da sauran 'ya'ya da jikoki. Abin da na kasa faɗa masa ina faɗa muku: ku yafe mini.

Lucia, rubuta wannan da manyan baƙi, don ni ma na kusa. Daga gindin tsamiya, a fuskanci gabas. Taku tamanin da huɗu na dogon mutum, casa'in da bakwai na gajere. Hansatu tana nan.