Olonkar Alhaji Tamimu

Ranar da Tamimu ya fara shiga babban kanti a New York, sallama ya yi. Ko tari ba a amsa masa da shi ba. Ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, yana jiran mai kanti ya fito ya tambaye shi abin da yake so, har ƙafarsa ta sage. Yana kallon mutane suna ɗibar kaya suna jefawa a kwando kamar gadon ubansu, ya ce a ransa lallai yau za a yi kamun ɓarayi. A Zangon Kumasi inda ya tashi, ka taɓa sabulun mai kanti ba izini, sai dai danginka su zo su ƙwace ka a hannun jama'a. Ya fito bai sayi ko ashana ba, yana rantsuwa in Allah ya ba shi kanti, ba za a yi wannan rashin tarbiyya a ciki ba.

Allah kuwa ya ba shi. Bayan ya gama cinye ƙuruciyarsa a tuƙin tasi, ya kama wani ɗan siririn shago a titin 116 na unguwar Harlem, tsakanin telolin Sanagal. Doguwar kanta ce ta raba shi da masu saye. Gero, garin rogo, daddawa, kanwa, busasshiyar kuɓewa, duk suna bayansa cikin buhuna. Awo kuma da wani tsohon gwangwani yake yi, wanda 'yan Gana ke kira olonka, ya zo da shi tun daga gida. In ya cika shi ya juye, sai ya sake tsoma hannu a buhu ya yi gyara. A wannan hannun hukuncinsa yake. Mai jego tafi biyu, wanda ya rasa aiki tafi biyu da addu'a, wanda ya shigo yana waya bai gaishe shi ba kuwa ɗan tsinken yatsa.

Babbar abokiyar cinikinsa, kuma babbar abokiyar faɗansa, Hajiya Balki ce, mutuniyar Maraɗi mai sayar da fura a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Duk Laraba tana nan.

"Ɗan Gana, wannan hannun naka ne ko na jariri ka aro? Ƙara."

"Hajiya, ji tsoron Allah. Geron nan teku ya ƙetaro."

"Daga gonarmu ya ƙetaro. Ku me kuka sani ban da rogo?"

Sai ya ƙara, yana gunaguni. Matan Nijar na Harlem kuwa inda Hajiya Balki ta sa ƙafa nan suke sa tasu, don haka Laraba shagon ba ya rabuwa da hayaniya.

Ana haka wani katafaren kantin rangwame ya buɗe a titin 125, har da layi guda na kayan Afirka. Ciniki ya fara ja baya. 'Yarsa Najat, wadda ta karanta kasuwanci, ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, ta zaunar da shi. Ta ce mutane ba su da lokacin tambayar lafiyar kakanni kafin a auna musu gari, a fasa kantar nan, a jera kaya, kowa ya ɗauka da kansa. Mutane sukan ce ita ta tilasta masa. Ba haka ba ne, shi ma bai taɓa ɗora mata ba. Gwiwarsa ta gaji da tsayuwa, kuma ya je ya leƙa layin masu biya a sabon kantin, idonsa ya yi ja.

Aka fasa kanta. Aka ƙulla komai cikin leda, aka liƙe, aka manna farashi. Alhaji ya koma kan kujera bayan na'urar kuɗi, da sabuwar hula, kamar wanda aka naɗa.

Laraba Hajiya Balki ta shigo, ta tsaya inda kantar take a da, tana waige-waige.

"Ɗan Gana, an yi muku gobara ne? Auno min gero."

"Ga kwando can, Hajiya. Ɗauki da kanki."

Ta ɗauko leda, ta jinjina ta, ta ajiye a gabansa. "Gyara fa?"

Shagon cike yake ranar, bakin Alhaji kuma bai saba barin magana ta wuce ba. "Amurka muke, Hajiya. Leda ba ta san Maraɗi ba."

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube shi, ta dubi kwandon.

"To, Alhaji," ta ce. Ba ta taɓa kiran sa Alhaji ba sai ranar. "In dai ɗauka da kai ne, ai na san inda ya fi araha."

Ya ɗauka fushin Laraba ne, wata Larabar zai huce. Bai huce ba. Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma da gaskiyarsu: mai ƙaramin shago ba ya tseren araha da giwa. Abin da yake da shi wanda giwar ba ta da shi, shi ya liƙe a leda da hannunsa. Ya yi tunanin dawo da buhuna, girman kai ya ce bari tukuna. Kafin tukuna ta ƙare, shagon ya zama na gyaran waya. Olonkar tana gidansa a unguwar Concourse Village, jikoki na zuba alƙaluman zane a ciki.

Ya daɗe yana sauya masallaci don kada ya haɗu da Hajiya Balki. Wata Juma'a dai ya daure, ya bi layin fura kamar kowa, ya miƙa kuɗinsa kai a ƙasa. Hajiya Balki ta cika masa kofi. Ya juya zai tafi.

"Tsaya, ɗan Gana."

Ta sake tsoma ludayi ta ƙara masa, har furar ta zubo masa a yatsu.

"Mu nan ba mu iso Amurka ba tukuna," ta ce, ta juya ga na bayansa.

Alhaji ya tsaya a gefen titi, kofi a hannu, yana lasar yatsa.