Shanuna Suna Nijar, Tukunyata Tana Maigatari

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da na nemi rancen banki ba. A lokacin ina soya ƙuliƙuli da matsar man gyaɗa a Maigatari, hannuwana duk sun yi kanta. Sai wani maƙwabcinmu ya sa injin matsar mai a kasuwa, ya ce zai jira ni wata ɗaya.

Na je banki a Gumel. Wani matashin ma'aikaci ya tambaye ni abin da zan jingina, na ce shanu huɗu da na gada wurin mahaifiyata. Ya ce zai zo ya gan su. Ranar da ya zo da takalminsa mai sheƙi, turke kawai ya tarar.

"Hajiya, ina shanun?"

"Suna Nijar mana. Wa yake barin shanu cikin gonakin mutane da damina? Bafulatanin da ke kiwonsu ya yi arewa da su, sai bayan girbi."

Ya rufe littafinsa. "Gaskiya dukiyar da ke wata ƙasa ba ma karɓarta."

Wata ƙasa! Wurin da nake zuwa bikin suna da safe in dawo kafin azahar. Raina ya ɓaci sosai, amma na haɗiye.

Ƙanena da ke zaune a can tsallake ya ce in zo, bankinsu ya fi sauƙi. Na hau babur na je. Matar da ke kan tebur ta saurare ni tsaf, har ta yarda shanun suna ƙasarsu. Sannan ta tambayi inda nake sana'ar. Da na ce Maigatari, sai ta ce su kuma ba sa ba da rance ga sana'ar da ke waje. Na fito ina dariyar takaici ni kaɗai.

Kwana uku suka rage, dole na aika aka koro biyu, har da jar saniyar da mahaifiyata ta fi so. Ranar Alhamis aka sayar da su a kara, kasuwar shanu, ina tsaye, ban iya kallonta ba.

Bayan na kafa inji, sai ga matashin nan ya dawo yana murmushi, wai yanzu na cancanci rance. Na ƙulla masa ƙuliƙuli na sallame shi.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kai buƙatarka banki, ka tuna su taswira suke dubawa, saniya kuwa ciyawa take bi. Injin yana nan yana aiki, amma har yau ba na bi ta kara ranar kasuwa.