Kwana Tara Na'urata Tana Cikin Garin Dawa

Shekaru biyu baya, da hantsi, na buɗe wani saƙo, layin farko kawai na karanta. "'Yar'uwa, kin duba abin da kika haɗo mana kuwa?"

Lokacin shabaka, wato sabis ɗin waya da intanet, ta ɗauke a ƙauyenmu da ke kusa da Kamlin. Intanet ɗaya ya rage, na wani mai shago a kasuwa, kuma sai ka ratsa shingen masu bindiga kafin ka isa. Yayana ya tafi ya bar mini tsohuwar kwamfuta da wata na'urar kama wayfay mai eriya, wadda ta kusa girme ni. Na ɗaure ta cikin kwanon silba a kan rufin ɗaki, mai shagon ya ba ni lambar shiga, amma kullum sai ta kama ta saki. Matsalar direbanta ce, wato rubutun da ke sa kwamfuta ta fahimci na'ura. Kamfanin ya daɗe da watsar da shi, wasu 'yan sa-kai ne ke raya shi a fili, kowa ya gyara ya tura.

Ni da iyakata sakandare, wata biyu na yi ina lalube, wani dattijo mai kula da aikin yana nuna mini. Ranar da ta zauna daram, Inna ta ji muryar yayana daga Damazin, ta yi kuka.

Al'adarsu, mai gyara yakan sa cikakken sunansa, ya haɗa da rahoton gwaji. Don zumuɗi har sunan ƙauyenmu na ƙara. Ban karanta rahoton ba na tura. Ashe na'urar ta jera duk shabakar da ta jiyo, har ta shingen nan, da laƙabin shugabansu da sa'o'in da suke kunnawa. A wajensu wannan leƙen asiri ne, kuma mun san abin da ake yi wa mai leƙe.

Da na buɗe rahoton na ga haka, ban ƙarasa saƙon dattijon ba na fizge wayar na'urar, na hau rufi na sauko da kwanon.

"Mi kika yi, ɗiyata?" in ji Inna.

Na faɗa mata. Ba ta gane rabin maganar ba, amma ta gane fuskata. Ta karɓe na'urar ta tura ta cikin buhun garin dawar da muke yin kisra, wainarmu mai faɗi.

"Khalas, shi ke nan. Duk mai son ta sai ya ci tuwo tukuna." Ba wadda ta yi dariya.

Kwana tara ban je bakin tur'a, magudanar ban-ruwa, ɗebo ruwa ba. Babur ya wuce, in leƙa ta kafar ƙofa. Na rame, na gaji da sauraron ƙofa, gajiyar da barci ba ya cirewa. Har yau, ko hoto zan tura sai na duba shi sau uku. Na koyi cewa na'ura ba ta san sirri ba, duk abin da ta ji faɗa take yi.

A rana ta tara, bayan la'asar, Inna ta tono ta da kanta, ta hure garin.

"Hau ki ji. Wannan zaman ma mutuwa ne."

Na mayar da kwanon, na buɗe saƙon, na karanta har ƙasa. Dattijon ya ce rahoton ya yi nauyi, don haka bai fita fili ba, ya tsaya a hannunsa yana jiran izini. Shi kaɗai ya gani, kuma ya goge tun a ranar. Ƙarƙashinsa ga wasu saƙonninsa a jere, kowanne yana tambaya ko ina raye. Na ƙarshen cewa ya yi: "Ba wanda ya san ki. Ba abin da zai same ki ta nan."

Na karanta wa Inna. Ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana kallon garin da ke hannunta.

"Kwana tara," ta ce, "don layi biyu da ba ki ƙarasa ba."