Mikail, Sun Ɗauki Hoton Sun Bar Zanen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, cikin watan Safar, Allah ya karɓi ran Malam Mikail Ali a gidansa da ke Sheshe, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da shi tun bayan Babbar Salla. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ni Ilu, wanda ya yi shekara da shekaru yana duba aikinsa kafin ya fita hannu, na ga ya zama dole in faɗi abin da na sani, tunda waɗanda suka fi ni baki sun riga sun faɗi nasu a rediyo.

Mikail, a ofishin zane na wata masana'anta a Bompai muka yi ƙuruciyar aikinmu. Ni na dawo daga karatu a ƙasar waje da takardu da girman kai, kai ka fito daga makarantar koyon sana'a da fensir a bayan kunne. Kai ke zana sassan inji a kan allo, ni ke dubawa. A kusurwar kowace takarda akwai 'yan gidaje biyu na sa hannu: na wanda ya zana, da na wanda ya duba. Ban taɓa ganin ka bar takarda ta fita ɗayan gidan yana fayau ba, ko da manaja na tsaye a kanka yana huci.

Da masana'antar ta mutu, kamar yadda 'yan'uwanta suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ni na naɗe hannu na koma majalisar ƙofar gida ina zagin zamani. Kai kuwa ka sayo tsohuwar kwamfuta, ka kafa ta a shagon zaure, da furfurarka ka zauna koyo kamar ɗan aji ɗaya. Na yi maka dariya. Ranar da ka kira ni na ga ka gina siffar ƙarfe a cikin gilashin kwamfutar, kana juya shi gaba da baya kamar mai duba ƙwarya a kasuwar Kurmi, dariyar ta ɗauke. Ka danna, sai ga takarda ta shimfiɗu: ga kamannin abin ta gaba, ga shi ta sama, ga shi ta gefe. Ka tsaga shi biyu don a ga cikinsa. Daga nan ka bi shi da awo, rami bayan rami, ka rubuta irin ƙarfen da za a yi shi da shi, da iyakar kuskuren da za a yafe wa maƙeri. Na ce to ai injin ya gama maka aikin. Ka ce, "Malam Ilu, hoto na mai kallo ne, zane na mai aiki. Wannan tana fitar da layi, amma ba ta san inda ƙarfe zai ci ɗan'uwansa ba. Jawo kujera ka duba."

Haka ka mayar da ni mutum. Kullum da safe ina zuwa da tabarau da jan biro, kai kana zanawa ina tsegumi.

Mutanen unguwa ba su san sunan aikinka ba, amma sun san ƙofarka. Mai keken ɗinki, mai famfon ban-ruwa, kowa ya zo da karyayyen ƙarfe a ƙulle cikin tsumma. Ka auna, ka gina shi a kwamfuta, ka fitar da zanen, a kai wa masu fere ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Ban manta da Mamman baduku ba, wanda haƙorin injin ɗinkin fatarsa ya karye, aka ce masa an daina yin irinsa tun kafin a haifi 'ya'yansa. Tsohon ya zauna a zaurenka yana share ido da bakin riga. Bayan mako ya koma rumfarsa yana ɗinki. Ya kawo maka takalmi, ka ce ya yi maka kaɗan, ya kai wa liman. Ƙafarka da ta liman ɗaya ce, ni na sani.

Sai soja suka koma bariki, farar hula suka zo, kowa ya ce an sha miya. A cikin waɗanda siyasa ta ɗauka har da Ɗahiru, abokin tasowarmu, wanda muka yi makarantar allo ɗaya, wanda mahaifiyarka ke zuba muku tuwo a kwano ɗaya. Da zaɓe na biyu ya matso, aka naɗa shi shugaban wani kwamiti na tallafa wa mata. A lokacin kai kana kan wani ɗan injin niƙa na hannu, wanda ba ya jiran wuta ko fetur, don mace ta niƙa geronta da wakenta a tsakar gida. Ɗahiru ya shigo ya gan shi yana juyawa a gilashi, kore shar, yana ƙyalli.

"Wannan fa! Mikail, wannan shi ne abin da muke nema. Buga mini shi."

Ka ce, "Alhaji, wannan riga ce, babu mutum a ciki. Ga zanen nan ina kai, Malam Ilu bai gama dubawa ba."

Ya ɗaga takarda ɗaya, ya juya ta sama da ƙasa, ya ajiye. "Haba Malam, wa zai tsaya karanta wannan tafiyar tsutsa? Ba ni mai kalar kawai, in nuna wa manya. In sun amince, wallahi ba wanda zai taɓa ƙarfe sai da kai."

Ka ba shi, don ya rantse, kuma don Ɗahiru ne.

Hoton nan ba inda bai je ba. Mun gan shi a allunan kamfe daga Ƙofar Dawanau har bakin Kurmi, kusa da fuskokin masu murmushi. Zanen kuwa muka kammala shi, na sa hannu, ka naɗe, ka kai ofishinsu har ƙafarka ta san matakalar. Kullum Alhaji yana taro. Ashe tuni an miƙa hoton ga wani ɗan kwangila, surukin wani, shi kuma ya raba wa masu walda ya ce su yi irinsa. Su ma ba laifinsu ba ne, abin da aka ba su suka kalla. Hoto ba ya faɗin cewa farantan niƙa biyu sai ƙarfe mai tauri da aka gasa. Ba ya nuna 'yar tazarar da ke tsakaninsu, wadda ba ta kai kaurin farce ba. Suka yi da ƙarfen da ke kusa, suka shafa koren fenti. Fentin kam ya yi daidai da hoton.

Aka raba injinan da kiɗa da guɗa, aka kira sunanka a lasifika alhali ba a gayyace ka ba. Kafin wata ya zagayo, faranti yana cin faranti, gari yana fita baƙi da ɗanɗanon tsatsa. Mata suka zubar da tuwo, yara suka yi ciwon ciki. Da aka tambayi Ɗahiru a rediyo, da kunnena na ji shi: "Mu mun yi namu. Matsalar daga mai zanen take, mun yarda da ɗan gida ne, ashe abin ya fi ƙarfinsa." Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukuici.

Daga ranar aka sa maka suna Mai Tuwon Ƙarfe. Masu ƙunshin tsumma suka ɗauke ƙafa. Na ce mu je gidan rediyon da takardunmu, ka ƙi. Ka ce, "In fita in tona wanda muka ci kwano ɗaya? Bar shi, Malam Ilu. Ƙarfe ba ya ƙarya, zai yi magana." Ka sa aka ƙera guda ɗaya tak bisa zanen, kana tsaye a kan mai ferewa. Ka aika wa Ɗahiru da 'yan kwamitinsa su zo su gani. Mun shimfiɗa tabarma, uwargidanka Malama Kaltume ta dama fura, mun zauna har la'asar ta yi sanyi. Ko direbansa bai leƙo ba. Aka shigar da injin cikin gida, ya ci gaba da niƙa wa iyalinka da maƙwabta biyu-uku da suka san gaskiya. Amma rediyo ta fi injin hannu ƙara.

Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ni dai na ga wanda ta huda. Ka daina zama a majalisa, ka koma sahun baya a masallaci, kana sallamewa ka sulale. Ba ka taɓa ambaton Ɗahiru da mugun baki ba. Ni na yi, na kuma yi a madadinka.

Ranar sadakar uku sai ga shi, da motoci da 'yan rakiya, yanzu ana ce masa Onarabul. Aka matsa masa ya zauna a gaba. Ya yi addu'a mai tsawo, har da cewa an yi rashin ɗan ƙasa nagari. Aka fito da gumba a faranti, ya gutsura, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Malam Ilu, kwamfutar marigayi tana nan ko? Akwai wani shiri da muke yi kafin zaɓe. Ko hotuna biyu-uku muka samu, za mu sa sunansa, a tuna da shi."

Na ce, "Ci gumbarka tukuna, Alhaji. Yaya ka ji ta?"

"Kai, ta yi laushi. Wannan ba dakan turmi ba ne."

Ban rage murya ba. Na ce, "Ba dakan turmi ba ne. Injin Mai Tuwon Ƙarfe ne ya niƙa ta, wanda aka yi bisa zanen da ka ce tafiyar tsutsa ce. Tun zaɓen da ya wuce yake niƙa a gidan nan. Ka ji tsatsa?"

Daga cikin gida kuwa ana jin injin, gur-gur-gur, mata na niƙa na baƙin da ba su iso ba. Liman ya kalli gumbar hannunsa, ya kalli Ɗahiru. Mamman baduku ya ce, "Allahu Akbar," da ƙarfi, jama'ar zauren suka ɗauka. Ɗahiru ya zauna da loma a baki, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa. Sai ga saƙon Malama Kaltume daga ɗakin takaba: zanen malam yana nan, duk maƙerin da ya iya karanta shi ya zo ya kwafa kyauta, sadaka ce, hoto kuwa ba mai fita da shi daga gidan nan.

Ƙarfe ya yi magana, Mikail, kamar yadda ka ce. Sai dai ya bari sai da ka kwana uku a ƙasa. Waɗanda suka yi ta kabbara a zauren, da bakinsu aka sa maka sunan. Ka yafe tun kana raye, na sani. Ni ban kai can ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Duk ƙwayar da injin nan ya niƙa, Allah ya sa ta a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Kaltume, da 'ya'yanka Nazeer da Nana Aisha, da dangi na nan da na Borno. Allah ya ba su haƙuri, ya tsare su daga amanar abokin da ya samu kujera. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Ba ka taɓa barin aiki ya fita ba a duba ba. Gidan wanda ya zana ka cike shi da rayuwarka. Ɗayan gidan ga hannuna: na duba, ban ga kuskure ba. Sauran dubawa tana wurin Wanda ba a ruɗinsa da hoto.

Ilu Sheshe, Kano.